Kyautar sallah ta aikin hannu: sauƙi ne ko neman raini?

Amaryar Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema, don Allah kada a yi mini dariya. Bara bashi na ci na saya wa uwar mijina rabin turmin atamfar GTP, na haɗa wa ƙannensa mata sabulai da turare, na sayo sabon labule da furannin roba a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi. Wallahi har babbar sallah ta zo ta wuce ban gama biya ba. Bana kasuwar maigida ta ja baya. Abin da ke hannuna duka-duka sidi 300 ne, a ciki nake so in gyara ciki da falo, in kuma yi wa mutum tara kyauta. Na ce ko in zauna in yi da hannuna. Me mutum zai iya haɗawa a gida cikin mako uku? Sai tambayar da ke hana ni barci: idan na kai wa Hajiya, uwar mijina, abin da na yi da kaina, ba za a ce na raina ta ba?

'Yar Sawaba:
Wa alaikumus salam amarya. Mutum tara da sidi 300? Ko kayayo, 'yar dakon kasuwa, ba ta ɗaukar irin wannan kayan ba gammo.

Hajiya Mai Adashi:
Ke 'yar Sawaba, kada ki karya mata gwiwa. Miliyan uku ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun mace mai dabara.

'Yar Sawaba:
Hajiya, tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗin nan, ku har yau kuna kan miliyan.

Hajiya Mai Adashi:
Bar ni da miliyoyina, sun fi daɗin faɗa.

Telan Alabar:
Ƙanwata, batun gyaran ɗaki ki bar shi a wuyana. A watan nan kullum sai mun share ƙyallaye daga ƙarƙashin keke, atamfa da shadda da leshi. Ki turo yaro da buhu kafin goman ƙarshe. Idan goman ƙarshe ta shiga ko uwata ce ta zo shago ba na ɗaga kai. Kuma kada ki ɗauka babu mai so, masu cusa filo da masu ɗinkin asasawa, wannan zanen da ake harhaɗa guntaye, su ma suna zagayen shaguna.

Ga abin da za ki yi da su. Ki yanke kwali mai kusurwa uku, tsawon tafin hannu da ɗan ƙari, shi ne ma'auninki. Ki ɗora a kan ƙyalle ki zana da alli ki yanka. Kafin yankan ki tsoma ƙyallayen a sitaci, ki shanya, ki goge da dutsen guga mai zafi. Wannan ne sirrin. Yadin da ya sha sitaci bakinsa ba ya zarewa, kuma yana tsayawa cak maimakon ya langaɓe kamar tsumma. Sai ki naɗe saman kowanne a kan igiya ki bi da allura da zare. Guda ashirin sun ratsa falo daga kusurwa zuwa kusurwa. Kada ki zuba launi barkatai don kin samu kyauta. Ki zaɓi launi biyu ko uku, misali kore da fari da ruwan gwal, sauran ki ajiye. Abin da ke sa aikin hannu ya yi kama da na mahaukata shi ne mutum ya ce sai ya yi amfani da komai.

Manyan guntayen kuma, waɗanda suka kai rabin yadi, rigar filo suke so. Filon kujera huɗu da sababbin riguna sun fi sabon labule canza ɗaki.

Alhajin Kejetia:
Ni dai bari in faɗi abin da ba a so. Araha ba ta ado. Shekara nawa ina zaune a kasuwar nan ina kallon masu aikin hannu. Mace za ta zo ta ce za ta yi da kanta don ta rage kashe kuɗi. Ta sayi bindigar gam, ta sayi sandunan gam, ta sayi ribon kala uku, fentin feshi, ƙyalƙyali, takarda mai sheƙi. Ta hau trotro, motar haya, ta koma Aboabo, gobe ta dawo wai ribon bai isa ba. In ka tara mata lissafi har da kuɗin mota, ya ninka na kayan China da ke rataye a shagon maƙwabcina, waɗanda za ta saya yau ta rataya yau. Ban ma sa wahalarta ba, mace mai azumi, ga girki, ga tarawihi.

'Yar Sawaba:
Alhaji, shagon maƙwabcin ne ko naku?

Alhajin Kejetia:
Takalma nake sayarwa, 'yata. Ba ni da ko sisi a ciki.

Antin Nima:
Ina gaishe ku mutanen Kumasi daga Akara. Alhaji bai yi ƙarya ba, ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na kalli bidiyon Turawa a waya, na je kasuwar Makola na kwaso kayan aiki, bindigar gam ɗin tana nan har yau cikin durowa, sau biyu na kunna ta. Amma inda ya tsaya ba nan maganar ta ƙare ba. Kuskuren shi ne mutum ya fara da hoto ya tafi neman kaya. Ki fara da kayan, amarya. Ki zazzage ɗakinki ki ga me ke ciki: gwangwanayen Milo da na madara, kwalaben mayonis, kwalin taliya, tsohon mayafi, faifan da kika daina amfani da shi. Abin da za ki saya kada ya wuce zare da allura da abin da za a ci ko a shafa.

Gam ma ba sai kin saya ba. Sitacin rogo cokali biyu, ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba tafasasshen ruwa kina juyawa kamar mai dama koko, har ya yi kauri ya koma garai-garai. Yana kama yadi a jikin kwali da gwangwani tsaf. Illarsa biyu: ba ya kwana, ranar da kika dama ranar za ki yi aiki da shi, kuma kyankyasai na son sa, don haka bayan sallah ki sauke kayan ki kulle a leda.

Da shi nake yin mafici. Kwali biyu a zagaye da bakin faranti a yanke, a sa siririn katako a tsakaninsu ya zama mariƙi, a manne, a lulluɓe da atamfa gaba da baya, a bi gefen da ɗinkin hannu. A ɗora wani abu mai nauyi a kai ya kwana don kada ya lanƙwashe. Da zafin da ake yi a filin idi, babu tsohuwar da za ta ƙi shi.

Amaryar Aboabo:
Anti Allah ya saka da alheri. Na leƙa ƙarƙashin gado yanzu, gwangwani bakwai na ƙirga. Ashe tarkacen da maigida ke cewa in zubar dukiya ce.

Ɗan Suame:
Gwangwani fannina ne, ku ba ni wuri. Idan fitilar ado kike so, ki cire takardar jikinsa, ki zana wata da tauraro da ɗigo-ɗigo, ki bi ɗigon da ƙusa da guduma. Amma in kika buga haka nan a fanko zai lotse. Masu firiji suna cika shi da ruwa ya daskare, to da dumso, ɗaukewar wutar lantarkin da ke zuwa ba sallama, ki cika shi da jiƙaƙƙen yashi kawai ki danna sosai, ya fi sauri. Ƙusa ƙarama da babba, don hasken ya fito iri biyu. In kin gama ki zazzage yashin, ki goge bakin da cikin da samfefa, don ƙusa tana barin tsini a ciki mai yanka kamar reza. Wannan kada ki tsallake shi.

Abin da zan roƙe ki: ban da kyandir. Ki sa 'yar fitila mai batir. Gidan haya ne, labule na nan, tabarmar roba na nan, yara na guje-guje, ga tutocin yadi a sama. Duk mun ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Adum a watan Maris na 2025, kafin nan kasuwar Kantamanto ta Akara a Janairu. Ba sai wuta ta kai girman wannan ba, ɗaki ɗaya ya ishe mutum kuka.

Fenti kuwa kada ki saya. Wajen masu feshin mota a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, kullum akwai ragowa a gindin gwangwani.

Ɗan Yelwa:
Ni tambaya ce da ni. Wannan rataye-rataye da fitilu, tun yaushe ya zama namu? Ba abin da maƙwabtanmu ke yi ba ne lokacin Bronya, wato Kirsimeti? Mun tashi a Zango, sallah sabon kaya ce da abinci da yawon gaisuwa. Yanzu kowa na son falonsa ya koma shagon kayan biki saboda hoton WhatsApp.

Malamin Makaranta:
Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, amma a bambanta. Tsabtace gida da ƙawata shi don murnar idi al'ada ce, ba ibada ba, kuma ban ga abin da ya hana ba matuƙar ba a ɗauko alamar addinin wasu ba, ba a kuma yi almubazzaranci ba. Wadda ta ci bashi bara don furen roba ta fi kusa da laifi a kan wadda za ta ɗinka ƙyalle bana. Abu ɗaya nake jan kunne a kai, don na gani da idona: kada a rubuta ayoyi ko sunayen Allah a jikin kwali da takardun ado. Bayan kwana uku iska ta kaɗo su, yara su taka, a share a kai bola. A rubuta Barka da Sallah, da boko ko da ajami, ya wadatar.

Hajiya Mai Adashi:
Ɗan Yelwa, kai namiji ne, shi ya sa kake ganin da ba a ado. Kana can wajen tela da wanzami, ba ka san abin da mata ke yi a cikin gida ba. Tun ana saura mako ɗaya muke fito da komai tsakar gida. A shafe bango da farar ƙasa. A sauke jere gaba ɗaya, kwanonin sha da na tuwo da fantekoki da langa-langa, a wanke da toka da soso har sai mutum ya ga fuskarsa, a mayar cikin kabad a jera manya a ƙasa ƙanana a sama. A fito da zanen gado mai aikin hannu wanda uwa ta yi wa 'yarta tun tana budurwa, wanda ba ya ganin rana sai sallah da suna. Faifai masu launi a bango. Turaren wuta tun daren jajibere har ya kama labule. Wannan duk mene ne in ba ado ba? Bambancin kawai namu ba a zubar da shi bayan sallah.

Kuma ni uwata ba ta taɓa sayen kyauta a shago ba. Dakuwa take dakawa, ta soya ƙuli-ƙuli, ta yi alawar gyaɗa, a zuba a kwano a rufe da faifai a ɗora wa yaro. Kwanon ba ya dawowa fanko.

Ɗan Yelwa:
Na ji, Hajiya. Amma jere daban, fitila mai walƙiya daban.

'Yar Sawaba:
To ka saya mata kabad da fanteka arba'in, sai ta bar gwangwani.

'Yar Tamale:
Ku bar ni in ceci amarya ta wajen kyautar 'yan mata, ƙannen miji. Man kaɗe. Ki sayi ɗanye wajen matan arewa da ke kawowa, ba wanda aka riga aka zuba a roba mai tambari ba, kuɗin robar da tambarin kike biya. Ki ɗan lakata ki murza a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa nan take ya shige fata, ƙamshinsa na ɗan hayaƙi. Wanda ya bar miki gari-gari ko yake warin tsohon mai, ki ajiye musu abinsu.

Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sa a kwano, kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi, ya narke a hankali, ki tace da tsabtataccen ƙyalle. Ki sa kwanon cikin ruwan sanyi ya yi saurin kamawa, don in ya huce a hankali shi ne yake yin tsaki-tsaki. Da ya fara daskarewa a gefe sai ki hau bugawa da maburgi har ya yi fari ya kumbura. Bugun nan shi ke sa kaɗan ya cika kwalba.

Masu koyarwa a intanet za su ce ki zuba man kwakwa rabi da rabi. A ƙasarsu mai sanyi ke nan. Man kwakwa da zafi ya haura awo 24 ya zama ruwa, Kumasi kuwa a wannan lokacin yaushe rabonta da 24 da rana? Cokali ɗaya ko biyu ya isa, in ba haka ba kafin yaro ya kai Asawase ya tsiyaye a leda. Turare ɗigo kaɗan, mai mai, ba na feshi ba. Kwalaben ki tafasa su ki shanya su bushe ƙayau, ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata shi. Murfin ki rufe da ƙyallen da tela zai ba ki, ki ɗaure da zare. Ki haɗa da ɗan curin sabulun salo, alata samina, kin gama da mutum huɗu.

Antin Nima:
In akwai ƙananan yara mata a cikin taran, a yi musu abin hannu na tsakiya, wato duwatsun ado. Abin hannu ɗaya ba ya cin duwatsu da yawa. Na mutanen Krobo sun fi na roba nesa ba kusa ba. Na je garinsu Odumase na ga yadda suke yi: tsofaffin kwalabe suke dakawa su zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya, a gasa, karan ya ƙone ya bar huda. Su ma kun ga daga bola suke farawa. Kasuwarsu babba ranar Alhamis take ci a Koforidua, amma kada amarya ta je can don abin hannu uku, kuɗin mota zai cinye ribar, Alhaji ya samu abin faɗa. Ki saya igiya ɗaya a nan, ki gauraya da ƙananan masu araha, babba ɗaya a tsakiya.

Amaryar Aboabo:
Duk na rubuta. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa tambayata ta biyu. Hajiya Mai Adashi, ku kuna da surukai, ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Hajiya Mai Adashi:
To zauna ki ji, 'yata. Matan 'ya'yana uku ne. Ba zan yaudare ki in ce duk ɗaya ba ne. Tsohuwa ba ita kaɗai take karɓar kyauta ba. Da yaro ya sauke tire, kishiyarta na leƙowa, maƙwabciya na leƙowa, wadda ta zo aron tsintsiya ma sai ta tsaya. Abin da take so shi ne abin da za ta ɗaga ta ce ga abin da matar ɗana ta aiko. Atamfa tana ɗaguwa, shi ya sa ake son ta. Kwalbar mai guda ɗaya a baƙar leda ba ta ɗaguwa.

Saboda haka ba tsadar ba ce, kamar ce. Kada ki aika abu ɗaya tilo. Ki samu ƙwarya mai kyau, ki jera goro fari da ja a cikin ganyensa, kwalbar man, kwalbar yajin da kika daka, mafici, ki rufe da faifai, ki naɗe da ɗankwali sabo ko da yadi biyu ne. Kuma kada ki aiki yaro. Ki yi kwalliya ki ɗauka da kanki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Hajiya bana ga abin da hannuna ya iya. Wadda za ta raina wannan, ko Holan kika kai mata sai ta ce launin bai yi ba.

Abu ɗaya da ba ma yafewa: mu ji an kai wa uwar amarya turmi, mu an kawo mana mafici. Zango ba ta da sirri. In za ki rage, ki rage gida biyun.

Malamin Makaranta:
Hadisi ne a Buhari da Muslim, Annabi (SAW) ya gargaɗi mata musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Malamai sun ce gargaɗin ya hau kan mai bayarwa da mai karɓa.

'Yar Sawaba:
Allah ya gafarta Malam, hadisi gaskiya ne, amma ƙannen miji ba su zo makaranta ranar da aka karanta shi ba. Ni tambayata daban ce. Uwar wa ce? Me ya sa amarya ce za ta ci bashi don zanen sallar uwar miji? Ina ɗan da ta haifa?

Alhajin Kejetia:
Yau kuma kan maza aka juyo.

'Yar Sawaba:
Ai dama can nan ya kamata a fara, Alhaji. Shi ya sayi zanen, ita ta kai gaisuwa. Mu muka ɗora wa kanmu gasa, wannan matar wa ta kai kaza, ni ma sai na kai kaza. Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma yawanci wawan mace ce.

Amaryar Aboabo:
A'a Yaya, kada a ɗauki alhakinsa. Yana yi wa mahaifiyarsa nasa, shinkafa da mai da kuɗin cefane. Bara bai ma san na ci bashi ba sai da mai kuɗin ta yi sallama a ƙofa. Ni ce na so in burge, shekarar farko ce.

Hajiya Mai Adashi:
To bana ki gaya masa tun yanzu. Ki ce ɗankwalin nasa ne, sauran naki. Namiji in an ba shi abu ɗaya ƙarami yana yi, in an bar shi ya yi tunani da kansa sai ranar jajibere.

Alhajin Kejetia:
Wannan kam ba zan musa ba.

Amaryar Aboabo:
Saura mutum ɗaya da na manta ban faɗa ba. Maame mai gidan da muke haya, 'yar Asante ce, kirista. Duk Bronya sai ta aiko mana shinkafa da kaza. Abincin sallah dai za a kai mata, amma ina so in ɗora wani abu.

Telan Alabar:
Ƙoƙo. Ki kankare cikinsa, ki wanke ki shanya, ki zana alamar adinkra, zanen gargajiyar Asante, da fensir a baya, ki bi zanen da waya ko ƙusar da kika gasa a garwashi, yadda Fulani ke ƙona zanen ƙwaryar nono. Ki riƙe ƙusar da filaya. In kin gama ki shafe da man kaɗe ya yi sheƙi. Su ma a garin Ntonso hatimin da suke buga adinkra a yadi da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa shi, don haka ba baƙon abu kika kai mata ba. Ki cika shi da cincin.

Ɗan Yelwa:
Yanzu kuma alamomin gargajiyarsu za a zana?

Malamin Makaranta:
Ta zaɓi wadda ta san ma'anarta. Gye Nyame, wadda ke jikin kujerun roba ko'ina, fassararta "sai Allah". In zuciyarta ba ta kwanta ba, ta yi zanen layi-layi irin na Fulani, babu wanda zai tambaye ta dalili.

'Yar Tamale:
Ta dai fara yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tutoci da gwangwani da mafici wannan makon, man kaɗe mako mai zuwa, cincin da yaji kwana uku kafin sallah.

Amaryar Aboabo:
Assalamu alaikum, barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Na yi alkawarin dawowa da labari.

Tutoci sun yi kyau fiye da zatona, har matar ɗakin kusa ta karɓi ma'aunin kwalin. Sai dai na yi zari na rataya wasu a baranda, ruwan daren sallah ya sauko, sitacin ya narke, jan ciki ya zuba a bango. Yanzu ina da aikin goge bangon Maame, wadda ta karɓi ƙoƙonta tana ta murna ta ajiye a kan talabijin. Man kaɗe tukunyar farko ta yi tsaki-tsaki, na sake narkawa na sa a ruwan sanyi yadda 'Yar Tamale ta ce, ta biyu ta yi. Fitilu biyar na yi. Ɗan Suame ka yafe ni, na ƙarshen na gaji ban goge cikinsa ba, kuma shi ne ya yanke ni a yatsa.

Wajen Hajiya na je da kaina ranar jajibere. Ta buɗe, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce an gode, Allah ya yi albarka. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ƙaramar ƙanwarsa ce ta ce, bana babu atamfa? Na yi kamar ban ji ba. Ranar idi na hango maficin a hannun Hajiya, amma zafin da aka yi ko kwali tsirara ne za ta riƙe, don haka ban san me zan ɗauka ba. Jiya dai ta aiko a tambaye ni ko akwai sauran yajin.

Kuɗi kuma, sidi 340 na kashe. Goro da batir ne suka haurar da ni.

Alhajin Kejetia:
Ban faɗa ba? Arba'in ta hau.

'Yar Sawaba:
Alhaji, bara har babbar sallah tana biya. Arba'in ɗin nan ko a kuɗin koko ta fitar.

Hajiya Mai Adashi:
Tunda ta aiko neman yaji, ki daka sabo ki kai, kada ki ba ta ragowa. Ita kuma ƙaramar, a bar ta, aure na nan zuwa.

Ɗan Suame:
Yatsan fa? In gwangwanin da tsatsa ki je a yi miki allurar tetanus, kada ki tsaya shafa man kaɗe.

Amaryar Aboabo:
Na je tun ranar, an yi.

Telan Alabar:
Bangon ki gwada ruwan omo da soso tun bai kama ba. Kuma a dawo mini da buhuna, na shinkafa ne mai hannu, ina zuba zare a ciki.